Abin da Yaya Ba Ta Gaya wa Yarinyar Ba

Ɗana na fari ba a hannuna ya tashi ba. Ranar da aka yaye shi, mahaifiyarmu ta goya shi da kanta ta kai shi gidan yayata, wadda ta daɗe da aure Allah bai ba ta haihuwa ba. Ba a nemi shawarata ba, ni ma ban sa ran a nema ba. Haka ake yi a danginmu a Funtuwa. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar ko ya ci ko bai ci ba. In ya faɗi a tsakar gida sai ta kau da kai, wata ta ɗaga shi. Alkunya ake ce wa wannan, kuma ni na iya ta. Har misali ake yi da ni a cikin sa'o'ina.

Bayan 'yan shekaru mijin Yaya ya samu karatu a wata ƙasa a Turai, karatun ya zama aiki, suka tafi da yaron. Mu ma daga baya maigidana ya samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Doha, muka zo da 'yan matanmu biyu muka zauna a unguwar tsohon filin jirgi, a bene, saman wani shagon shayi. Ni karatuna bai yi nisa ba. Ina yin dambun nama da tuwo ina sayar wa gwaurayen 'yan uwanmu, 'yan Najeriya da 'yan zangon Gana, waɗanda suka gaji da shinkafar Indiyawa.

Yaron yana kiran Yaya Mama, ni kuma Anti. An gaya masa wadda ta haife shi tun yana firamare, amma bai canza ba, ba kuma wanda ya ce ya canza. In muna waya da Yaya sai in ce, "Ya mutanen gidan?" Ta ce, "Suna lafiya." Shi nake nufi, ta san shi nake nufi, amma iyakar abin da nake samu ke nan.

Sau ɗaya ya zo Doha. Yana hanyar zuwa gida hutu, jirginsa ya biyo ta nan, ya ce zai tsaya ya kwana biyu. Ya zama dogo, sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar kicin ɗina. Hausarsa ta ɗan karkace amma ba ta tsere masa ba. Da safe na ce zan je kasuwar Abu Hamour sayen kayan miya, ya ce shi ne ɗan dakona.

Muna tsakiyar masu tumatir ya ce, "Anti, wai me ya sa ba kya kiran sunana?"

Na ce, "Riƙe ledar nan da kyau, kar su fashe."

"Sau ɗaya kawai. Ba wanda ya san mu a nan. Mai tumatirin nan ɗan Nepal ne, ba zai kai ƙararki Funtuwa ba."

"Kai, wuce mu tafi, rana na yi."

"Shi ke nan. Daga yau sunana Kai. Zan je in canza a fasfo."

Na juya fuskata wajen albasa don kada ya ga ina dariya.

Ranar na sayi kuɓewa kwali guda. Ni ba na jiran a kawo mini busasshiya daga gida, ranar Doha tana busar da ita a saman bene da sauri fiye da ta Funtuwa. Da muka dawo ya karɓi wuƙa ya ce zai taya ni yanka. Yankansa manya-manya, wani a karkace, wani kusan rabin kuɓewar. Ƙannensa suka yi ta yi masa dariya. Da na je shanya na ware nasa gefe guda a kan buhu, na ce ba za su bushe tare da nawa ba. Gaskiya ce, ko da yake ba ita kaɗai ce dalilin ba.

Da rana na yi masa tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa daga tsohuwar da nake da ita. Na ajiye masa a falo na koma kicin. Ban zauna na ga yana ci ba. Na tsaya a bayan ƙofa ina jin ƙarar kwano. Da aka dawo da kwanukan na duba, ya suɗe tas. Ban tambaye shi ko ta yi daɗi ba. Shi ma bai ce komai ba sai, "Sannu da aiki, Anti."

Shekarar da ta biyo baya aka kashe shi. Yana dawowa daga filin ƙwallo da yamma wasu samari fararen fata suka bi shi suna zaginsa a kan launin fatarsa, suka tare shi a bayan wasu shaguna, suka yi masa dukan da bai tashi ba. Ya kwana a asibiti, washegari ya cika. Waɗanda suka ji zagin sun faɗa. An kama wasu, aka sake su. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma duk mai sauraron labarai ya san wannan.

Ban samu biza ba kafin a rufe shi. A nan mata suka cika mini falo suna cewa, "Ashe ɗan yayarki ya rasu. Allah ya ba ta haƙuri." Ina cewa amin. Waɗanda suka san gaskiya daga gida suna bugowa su yi mini ta'aziyya a taƙaice, sannan su ce in ba su lambar Yaya.

Yaya ba ta zauna ba. Matar da a da ko a gidan suna ba ta iya ɗaga murya, sai ga ta a gaban ofishin 'yan sanda riƙe da hotonsa tana neman a hukunta waɗanda suka kashe shi. Mutane suka taru a bayanta. Na gan ta a talabijin, a ƙasan fuskarta an rubuta da Turanci cewa ita ce mahaifiyarsa. Na san haƙƙinta ne. Ita ta yi jinyarsa da ya yi ƙyanda, ita ta riƙa kai shi makaranta cikin sanyi, ita ta je ta gane gawarsa. Duk na sani. Amma na kashe talabijin ɗin, na shiga banɗaki na daɗe.

Daga nan ne Yaya ta daina magana a waya. Ta lura da wata mota da take tsayawa a ƙarshen layinsu, mutane a ciki, ba sa fitowa. Ta lura 'yan sanda suna sanin inda za a yi taro tun kafin a sanar. Wani jami'i ya taɓa tambayarta lafiyar wani baƙo da ya kwana a gidanta, alhali ba ta gaya wa kowa zuwansa ba. Ta gane ba masu kisan ake bi ba, ita ake bi, ana neman wani abin kunya a gidanta da za a riƙe a rufe mata baki da shi. Sai ta kafa doka: a waya, gaisuwa kawai.

"Ya zafi, Auta?" Haka take kirana, ni ce autarmu.

"Zafi sai godiya, Yaya. Ya sanyi?"

"Da sauƙi."

A lokacin ne kuma ni na fara son tambaya. Da yana raye na iya haƙuri, ina ganin akwai lokaci. Yanzu ina so in san komai. Yadda yake fushi, su wa abokansa, ko akwai yarinyar da yake so. Ko ya yi magana a asibiti kafin ya cika. Wannan na ƙarshen ya fi hana ni sukuni. Mutum ɗaya ce ta sani, ita kuma ta rufe baki.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa maigidana ba. Har motar nan na yi wa Yaya kishinta. Mutanen da ke cikinta miyagu ne, amma sun san ƙofar da za su tsaya, sun san inda uwar yaron take. Ni ba wanda ya taɓa tsayawa a ƙofata. Wata rana da hantsi na ga wata farar mota babba ta tsaya a ƙasan tagarmu, gilashinta baƙi, injin yana aiki, ba wanda ya fito. Na tsaya a bayan labule gabana yana faɗuwa, kuma ba tsoro kaɗai nake ji ba. Can sai direban ya danna hon, mai shagon ƙasa ya fito da kofin shayin karak ya miƙa masa ta taga, ya ja motarsa ya tafi. Na saki labulen na koma kan tuƙin tuwona.

Sai kuma wata yarinya da ta shiga gidan Yaya. Baƙar fata ce irinmu, 'yar can, ta zo cikin masu taya Yaya neman haƙƙi tun a farkon tafiyar. Ta ce ita ma an taɓa dukan yayanta haka. Ita ke ɗaukar wa Yaya jaka, ita ke tuƙa ta wurin lauya, ita ke wanke kwanuka bayan taro. Ta fara kiranta Mama. In Yaya ta kira ni ta bidiyo ranar sallah, sai in ga yarinyar a bayanta tana ɗaga mini hannu tana cewa, "Sannu, Anti," da Hausar da Yaya ta koya mata. Wata sallar na gan ta sanye da wata rigar sanyi mai ruwan toka, ta yi mata yawa. Na gane rigar. Da ita ya sauka a filin jirgin Doha, muka yi ta yi masa tsiya, wa yake zuwa ƙasar nan da rigar sanyi.

Na ce, "Yaya, wannan rigar fa?"

Ta ce, "Sanyi take ji, na ba ta. 'Yata ce ai."

Na tsani yarinyar nan tun daga ranar. Ba don na hango wani abu a tare da ita ba. Ban hango komai ba. Bayan wasu shekaru ta ce mahaifiyarta ba lafiya, ta koma wani gari, aka daina jin ɗuriyarta. Yaya ta yi kewarta, ni na ji sanyi a raina.

Bara Yaya ta je Umra, ta ce a hanyar komawa za ta biyo ta Doha ta yi 'yan kwanaki. Rabona da ita ido da ido tun kafin rasuwar. Na yi niyya a raina, ba za ta hau jirgi ba sai ta ba ni labarin yaron nan.

Maigidana ya ɗauko ta. Ta rame, ta yi furfura, amma bayanta a miƙe yake fiye da da. Tana shigowa, ko mayafi ba ta cire ba, ta ce a kawo mata kula. Na ɗauka yunwa take ji. Ta buɗe kular ta sa wayarta a ciki, ta miƙo mini hannu, na ba ta tawa, 'yan matan suka ba da nasu suna kallon juna.

Maigidana ya ce, "Haba Yaya, Doha kike fa. Khalas, ya isa haka, ki huta."

Ta ce, "Malam, kai ma kawo taka."

Ya ba ta. Ta rufe kular, ta kai banɗaki, ta jawo ƙofa. Sannan ta zauna ta sha ruwa.

Bayan la'asar, muna mu biyu a ɗaki, ta gaya mini. Ana wani bincike a can a kan yadda 'yan sanda suka riƙa saka wa iyalai irin nata ido. Lauyoyinta suka kira ta suka zaunar da ita. Yarinyar nan 'yar sanda ce. Sunan da ta ba su ba nata ba ne, ba ta da wani yaya da aka daka. Aiko ta aka yi ta shiga gidan, ta ji su wa ke zuwa, me ake shiryawa, ina gidan yake da rauni.

Yaya tana magana tana murza bakin mayafinta. Ta ce, "A ɗakinsa take kwana, Auta. A kan gadonsa. In na kasa cin abinci sai ta zauna a gabana ta ce, Mama, ba ni labarinsa. Ina ba ta. Tun daga ranar da aka kawo mini shi har ranar da na rufe masa ido. Ba abin da ban gaya mata ba. Tana kuka ina kuka. Ashe in ta fita kai musu take yi."

Ya kamata in rungume ta. Ya kamata in ce Allah ya isa. Amma abin da ya tsaya mini a ƙirji daban ne. Wata baƙuwa, 'yar aike, ta zauna ta sha labarin ɗana har ta ƙoshi. Wasu maza a wani ofis da ban san inda yake ba sun san abin da ya faɗa a asibiti. Ni da na haife shi ban sani ba.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ta dawo da rigar?"

Yaya ta dube ni ta daɗe. Ta ce, "Ba ta dawo da ita ba."

Kwanakin da suka biyo baya mun yi hirar komai. Mun yi ta mutanen Funtuwa, wa ya mutu, wa ya aurar da 'ya. Na kai ta bakin teku da yamma, na kai ta gidan wata 'yar garinmu a Ain Khaled. Ko sau ɗaya ba ta ambaci yaron ba. In hira ta doshi wajensa sai ta tashi ta ce za ta yi alwala. Ni kuma bakina bai saba ba. Sai in shirya tambayar tun ina wanke-wanke, in zo gabanta in ji kamar mahaifiyarmu tana zaune a gefe tana kallona.

Ana gobe za ta tafi, da safe, bayan kowa ya fita, muna zaune a falo tana ninke kayanta. Wayoyin suna cikin kula. Na ce a raina in ba yau ba, babu.

Na ce, "Yaya, a asibiti, ya yi magana?"

Hannunta ya tsaya a kan zanen da take ninkewa. Ba ta ɗago ba.

"Me ya sa kike tambaya?"

"Ina so in sani ne."

"Wa ya ce ki tambaye ni?"

Na kasa gane maganar da farko. Da na gane, sai na ji fuskata ta yi zafi. Na ce, "Ni ce fa, Yaya."

Ta ce, "Na san ke ce. Ita ma na san ita ce." Ta ajiye zanen. "Tun ranar da aka kawo mini shi ba ki taɓa tambayata ko ya ci ko ya sha ba. Ya yi ciwo, ya warke, ya gama makaranta, ba ki tambaya ba. Sai yau."

"Ba a tambaya, Yaya. Kin sani. Ke da kanki kike yabona a kai."

"Ita ta tambaya." Muryarta ba ta ɗaga ba. "Lauya ya tambaya, 'yan jarida sun tambaya, ita ta tambaya kullum. Duk wanda ya zo mini da tambaya, ɗauka ya zo yi. Ba abin da ya rage mini wanda ba ya hannun wani. Ki bar ni."

Na ce, "Ke kin samu abin da za a ɗauka."

Ban taɓa gaya wa Yaya magana irin wannan ba. Na tashi na shiga kicin, domin ko me ya faru baƙuwa ce, sai ta ci abincin rana.

Na ɗora tukunya, na daka daddawa da citta, na gyara busasshen kifi. Miyar kuɓewa na yi, ba don wani shiri ba, ita ce hannuna ya fi sani in raina a ɓace yake. Ina cikin kaɗawa na ji Yaya ta jawo kujerar roba ta zauna a bakin ƙofa. Ban juyo ba.

Ban san yadda aka yi na fara ba. Tukunyar nake kallo. Na ce, da yana jariri ba ya kama nonon hagu, sai na dama, har na yi ta fama da ciwo a ɗaya gefen. Na ce ba ya barci sai ya kama mini kunne, ya yi ta murzawa har ya yi ja. Na ce in ba kowa a ɗaki nakan kira sunansa a hankali a cikin wuyansa, shi kuma ya yi ta dariya, da na ji tafiya sai in ajiye shi in ɗaure fuska. Na ce ranar yaye da aka shafa mini maɗaci, ya kama ya saki ya dube ni, wannan kallon har yanzu ina ganinsa. Na ce zanen da nake goya shi ban wanke ba sai da mahaifiyarmu ta gano ta wanke da kanta.

Ba wanda ya taɓa jin waɗannan daga bakina, ko ubansa.

Yaya ta ce daga bayana, "Kunne?"

Na ce, "Kunne."

Ta ce, "Har ya shiga sakandare in yana zazzaɓi sai ya kama kunnena. Na ɗauka nawa ne. Ashe a wurinki ya koya."

Na juyo na dube ta. Abin da na gani a fuskarta na san shi, domin na daɗe ina ganinsa a madubi. Ban taɓa zaton Yaya tana da abin da za ta yi mini kishinsa ba.

Na ba ta labarin Abu Hamour da mai tumatir ɗan Nepal. Ta yi dariya ba ta shirya ba, ta ce, "Ja'irin yaro. Haka yake." Sannan ta share ido da bakin mayafi.

Na zuba mana a kwano ɗaya, muka zauna a ƙasa kamar a gida. Ta gutsiri tuwo ta dangwali miya ta kai baki. Ta tauna a hankali. Ba ta sake kai hannu ba.

Ta ce, "Wannan ce miyar ke nan."

Na ce, "Wace miya?"

"Da ya dawo daga tafiyar nan, na yi masa tuwo da kuɓewa don murna. Ya ci loma biyu ya ce, Mama, ba haka Anti take yi ba. Na ce ya ake yi? Ya ce shi bai sani ba, amma ta Anti ta fi. Kullum na yi sai ya faɗa. Wai in kira ki ki koya mini." Ta ɗan taɓe baki. "Ni da na koya miki hura wuta. Na ce masa in ta Anti yake so ya koma Doha ya ci. Ya ce zai koma ɗin, in ya gama karatu a nan zai nemi aiki. Na daina yin miyar gaba ɗaya. Har ya rasu ban sake yi masa ba."

Na ajiye lomar da ke hannuna.

Ta ce, "Yarinyar nan ta sha tambayata wane abinci ya fi so. Sai in ce shinkafa da wake."

"Kin ce ba abin da ba ki gaya mata ba."

"Ban da wannan." Ta kalli kwanon. "Ba don na gane ta ba. Ban so in faɗa da bakina ba ne, ko a gaban wa."

Na ce, "To ba su da shi ke nan. Mutanen ofis ɗin."

"Ba su da shi."

Na sunkuyar da kai don kada ta ga fuskata. Yayata tana zaune a gabana da baƙin cikinta, ni kuma daɗi ne ya cika ni. Ya ce tawa ta fi. Ya faɗa ba sau ɗaya ba.

Maganar asibiti ba ta gaya mini ba. Na sake kusantar ta da yamma, ta ɗaga mini hannu. Ta ce za ta faɗa a zaman binciken, sau ɗaya, a gaban kowa, don kada wani ya riga ta faɗa da bakinsa. Ta ce zan ji ranar. Wato zan ji tare da alƙali da 'yan jarida da duk wanda ya kunna talabijin, wataƙila har da yarinyar, a duk inda take da rigarsa. Wannan bai yi mini daɗi ba, har yanzu kuma bai yi ba. Ban ja maganar ba.

Washegari da safe, tana ɗaure jaka, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Wai me kike sakawa a miyar nan?"

Na ce, "Ba komai, Yaya. Abin da kowa yake sakawa. Kuɓewar ce kawai nake shanyawa da kaina a saman bene."

Ta ce, "Mu can ina muka ga rana."

Na ƙulla mata garin kuɓewa a leda, na ƙara da daddawa. Ta karɓa ta tura a gefen jaka. Akwai wata kwalba a can bayan kabad ɗin kicin, bayan gwangwanayen madara, cike da busasshiyar kuɓewa manya-manya masu karkataccen yanka, wadda ban taɓa dakawa ba. Na tsaya a gaban kabad ɗin, na yi tunani. Ita tana da ɗakinsa, tana da takalmansa, ta san hanyar kabarinsa. Na rufe kabad ɗin.

Maigidana ya leƙo ya ce, "Yalla, mu tafi, Yaya, kar jirgi ya bar ki." Ta shiga banɗaki ta ɗauko kular, ta raba wa kowa wayarsa. A bakin ƙofa ta kama mini kunne ta ɗan murza, ta sauka.

Har yanzu ba a yi zaman ba, ana ta ɗagawa. Dokar waya tana nan. Muna gaisawa, ta tambayi zafi, in tambayi sanyi. Kwanan baya ta ce ta gwada garin da na ba ta, miyar ba ta yi kamar tawa ba. Na ce ta rage ruwa.